Doka a Bakin Bahaushe: Daga Hanin Sarki zuwa Aikin Majalisa

Tsakure

Takardar nan ta bi sawun kalmar doka, wadda a kanta Hausa ta gina kusan duk abin da take faɗa game da aikin majalisa. Ta nuna cewa tsohuwar ma'anar kalmar ita ce hanin da ke fitowa daga mai iko, kuma har gobe wannan ma'ana ce kunnen Bahaushe ke fara kamawa. Da zamani ya zo da majalisun da jama'a ke zaɓa, sai aka ɗora wa kalmar sabon kaya ba tare da an sauke mata tsohon ba. Takardar ta duba yadda doka ke haɗuwa da wasu sunaye, da aikatau ɗin da ke rakiyarta, sannan ta tsaya a kan wurare uku da ruɗani ke shiga a labaran yau da kullum: zartarwa, da ƙudiri, da dokokin da ba majalisa ce ta yi su ba. Daga ƙarshe ta kawo shawarwari ga masu fassara da 'yan jarida da ma'aikatan majalisu.

1.0 Gabatarwa

Larabci yana da kalma guda, tashri'i, mai nufin aikin tsara dokoki. Turanci da Faransanci ma kowanne yana da tasa. Hausa kuwa ba ta bi wannan hanya ba. Ita suna take ɗauka, wato doka, ta haɗa shi da aikatau: a yi doka, a sa doka, a kafa doka, a shimfiɗa doka. Wannan ba talauci ba ne. Kowane aikatau daga cikin waɗannan yana gaya wa mai saurare wani abu game da wanda dokar ta fito daga hannunsa da kuma irin zaman da za ta yi. Matsala tana tasowa ne idan mai magana ya ɗauke su duk ɗaya.

Batun ya wuce sha'awar masu nazarin harshe. Sashe na 55 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya tanadi a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi shirin da ya dace. Sashe na 97 ya ba majalisun jihohi damar ƙara wani harshe da ake yi a jihar a kan Turanci. A Jamhuriyar Nijar kuma, kundin da gwamnatin soja ta ƙaddamar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ban da wannan, yawancin Hausawa ba daga takardun gwamnati suke sanin abin da majalisa ta yi ba, daga rediyo ne da jaridun Hausa da wayar hannu. Kalmar da mai karanta labarai ya zaɓa, ita ce iyakar abin da manomi ko ɗan kasuwa zai sani game da matsayin wata doka.

Misalan da ke cikin takardar an tsara su ne bisa salon maganar yau da kullum da na kafofin yaɗa labarai. Sauran kalmomin da rubutu ya haɗa su da wannan, kamar itacen doka, da dokar da mata ke yi a kitso, da aikatau na duka, ba sa cikin nazarin.

2.0 Tushen Ma'ana: Doka a Matsayin Hani

Hujja ta farko tana cikin karin magana. Bahaushe na cewa, “Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.” Babu wanda zai fahimci cewa mutumin nan ya umarci jama'a ne su yi barci, ko ya tsara musu lokacinsa. Hana su ya yi. Kalmar hana ba ta fito a jimlar ba saboda ba a bukatarta, tana cikin doka tun asali.

Hujja ta biyu tana cikin maganar gida. A dubi waɗannan:

(1) Likita ya sa masa dokar gishiri.
(2) Maigida ya sa wa yaran doka, ba mai fita bayan magariba.
(3) An sa wa tafkin doka sai bayan kaka.

A (1) an hana mara lafiya cin gishiri ne. A (2) jimla ta biyu bayani ce kawai na hanin da ta farko ta riga ta sanar. A (3) kowa ya san kamun kifi aka dakatar. Irin wannan ce ake yi wa kogin Matan Fada a Argungu, inda ake kiyaye ruwan daga masunta har ranar da za a buɗe shi don bikin kamun kifi. A dukkan misalan akwai na sama, akwai na ƙasa, kuma ba a nemi shawarar na ƙasa ba.

Hujja ta uku ta tarihi ce. A cikin Kitabul Farƙi, littafin da ake jingina wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, an jera al'adun mulkin sarakunan Hausa da Shehu ya soka, ana ambaton kowace da sunanta na Hausa, kamar jangali da kuɗin gari da gaisuwa. Da aka zo kan hana mutane abin da addini ya halatta musu, irin su lulluɓi ga mata da rawani ga maza, sai littafin ya ce wannan hani shi suke kira doka. Wannan ya dace da abin da tarihi ya riƙe game da Sarkin Gobir Nafata, wanda a ƙarshen ƙarni na 18 ya sa aka yi shelar hana rawani da lulluɓi, da hana kowa wa'azi in ban da Shehu kansa. Ke nan fiye da shekara 200 da suka wuce, doka tana nufin hanin sarki, kuma malaman jihadi suna ganin ta a matsayin kishiyar shari'a.

Aikatau ɗin da suka daɗe suna tafiya da kalmar su ma suna ba da shaida. Ana sa doka, ana ɗage ta, kamar wani abu da aka aza wa mutane a ka. Ana sassauta ta, kamar ɗauri. Mai laifi kuwa ya karya doka, ko ya taka ta, ko ya keta ta, ko ya yi mata karan tsaye. Duk waɗannan suna kallon doka a matsayin shinge. Babu ko ɗaya da ke nuna cewa mutane sun zauna sun yi mahawara kafin a same ta.

3.0 Yadda Tarihin Mulki ya Raini Kalmar

Zuwan Turawa bai canza wannan ma'ana ba, ƙarfafa ta ya yi. Daga 1 ga Janairu 1900, lokacin da Lugga ya ayyana mulkin Ingila a kan Arewa a Lakwaja, dokokin yankin suna fitowa ne daga alƙalaminsa shi kaɗai. Ko da tsarin mulkin Gwamna Clifford na 1922 ya kafa majalisar dokoki a Ikko, ikonta bai haɗa da lardunan Arewa ba. Gwamna ne ya ci gaba da yi wa Arewa doka har zuwa tsarin Richards na 1946. A ƙasa kuma En'e tana da ikon fitar da nata umarce-umarcen, kuma masu tilasta bin su su ne 'yan doka. A wannan zamani ne kalmar oda ta shigo daga Turanci, ta zauna kusa da doka har suka zama tagwaye a faɗar nan ta bin doka da oda.

Tsarin Richards ne ya kawo Majalisar Sarakuna da Majalisar Wakilai a Kaduna, amma da farko aikinsu shawara ne. Sai a tsarin Macpherson na 1951 da na Lyttelton na 1954 ikon yin doka ya sauko hannun majalisar Jihar Arewa da gaske. A zauren nan ana magana da Hausa da Turanci, tafintoci suna juyawa, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939, tana kai wa masu karatu rahoto. A wannan tsakani ne Hausar majalisa ta fara tsayuwa da ƙafarta.

Sai dai zaman bai yi tsawo ba. Sojoji sun karɓi mulki a Janairu 1966, kuma cikin shekara 39 na farko bayan samun 'yancin kai sun riƙe ƙasar kusan shekara 29. A duk tsawon lokacin nan doka ta koma abin da ake wayar gari a ji a rediyo. Dokar soja ce ta kafa hukumar yi wa ƙasa hidima a 1973. Dokar soja ce ta 1978 ta mayar da filaye ƙarƙashin amanar gwamnoni. Dokar soja mai lamba 4 ta 1984 ce ta kai 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, gidan yari. Shi kansa Kundin Tsarin Mulkin 1999 da dokar soja mai lamba 24 ta wannan shekara gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta ƙaddamar da shi. Idan aka haɗa zamanin sarakuna da na Turawa da na soja, za a ga cewa shekarun da Bahaushe ya yi yana karɓar doka daga bakin mutum ɗaya sun ninka waɗanda ya yi yana aika wakili ya yi masa ita. Ba abin mamaki ba ne idan kalmar ta riƙe kamannin inda ta fi daɗewa.

Akwai wata alama ƙarama da ta cancanci a lura da ita. Da aka zo raɗa wa wakilin jama'a suna, ɗan doka ya riga ya zama sunan mai kama masu laifi, kuma sunan ya ci gaba da zama a bakin mutane ko bayan an haɗe 'yan dokar En'e da 'yan sandan Nijeriya a zamanin soja. Sai wakili ya zama ɗan majalisa, aka kira shi da wurin zamansa ba da aikinsa ba. Majalisa kuwa, daga Larabci, wurin zama ce kawai, ta sarki ko ta matasan unguwa. Wannan suna ya dace da yadda da yawa daga cikin masu zaɓe ke auna ɗan majalisarsu da rijiyar burtsatse da babura da kujerar Makka, maimakon dokokin da ya tsaya a kansu.

4.0 Faɗaɗar Ma'ana

4.1 Dokar Wane, Dokar Me

Hanya mafi sauƙi ta ganin yadda kalmar ta faɗaɗa ita ce duban abin da ke biyo bayan mahaɗin -r. Siga ɗaya ce, amma dangantakar ta bambanta:

(4) dokar barci, dokar gishiri: abin da aka hana.
(5) dokar kulle: abin da aka tilasta.
(6) dokar zaɓe, dokar haraji: abin da aka tsara yadda za a yi shi.
(7) dokar soja, dokar sarki: wanda ya fitar da ita.
(8) dokar ƙasa, dokar jiha: iyakar inda take aiki.
(9) dokar ta-ɓaci: halin da ya jawo ta.

Rukuni na (4) shi ne tsoho, na (6) kuma shi ne ya mamaye Hausar zamani. Da zarar dokar zaɓe ta zama mai tsara zaɓe ba mai hana shi ba, sai harshe ya shiga neman hanyar da zai fayyace hani. Abin da ya yi shi ne fito da hana fili: dokar hana fita, dokar hana acaɓa, dokar hana shan taba a bainar jama'a. Wannan hana da aka ƙara ita ce babbar shaidar cewa ma'ana ta buɗe. Mai karin maganar barci bai bukace ta ba, mai karanta labaran yau kuwa ba ya iya yi sai da ita.

Buɗewar ta kai inda doka ke yin akasin tsohon aikinta. Dokar 'yancin samun bayanai da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Mayu 2011 ba talaka ta ɗaure ba, hukumomin gwamnati ta ɗora wa wajibcin buɗe masa takardunsu. Dokar kasafin kuɗi izini ce da majalisa ke ba gwamnati na taɓa baitulmali, wanda in babu shi taɓawar laifi ce. Gyaran tsarin mulki na Mayu 2018 ya rage shekarun tsayawa takara, ya buɗe wa matasa ƙofa. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2024 ta ba ma'aikaci haƙƙin Naira 70,000. Mai saurare da ke riƙe da tsohuwar ma'ana kaɗai zai yi wuya ya ga cewa doka tana iya zama makami a hannunsa.

4.2 Sa, Yi, Kafa

Aikatau uku ne suka fi yawo a wajen samar da doka, kuma ba ɗaya suke ba.

Sa doka yana ɗauke da gaggawa da iko na mutum ɗaya ko hukuma ɗaya, kuma ana sa ran ɗagewa. Gwamna ya sa dokar hana fita, kwamishinan 'yan sanda ya sa dokar hana hawan babur da dare. Kunne ba ya karɓar a ce majalisa ta sa dokar zaɓe.

Yi doka shi ne mafi faɗi, ba ruwansa da wanda ya yi. Da shi ake bayyana aikin majalisa a dunƙule, kamar a ce aikin 'yan majalisa shi ne yin dokoki da sa ido a kan gwamnati.

Kafa doka yana nuna ɗorewa. Abin da ake kafawa shi ne gari, da tuta, da hukuma, da hujja. Wanda aka kafa ba ɗage shi ake yi ba, sai dai a soke shi ko a yi masa gyara. Dokar da ta ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye a Jihar Kano a 2019 kafa ta aka yi, kuma da Majalisar Dokokin jihar ta waiwaye ta a Mayu 2024 soke ta ta yi. Ba wanda ya ce an ɗage ta. Wannan bambanci na sa da ɗage a gefe guda, kafa da soke a ɗaya gefen, harshe ya riga ya tanade shi. Abin da ya rage shi ne a kiyaye shi.

5.0 Wuraren Ruɗani Uku

5.1 Zartarwa

Zartar da abu shi ne sa shi ya zarce, ya wuce zuwa ga aiki. Shi ya sa ake cewa an zartar da hukuncin kisa idan an riga an kashe wanda aka yanke wa. A kan wannan ma'ana aka gina ɓangaren zartarwa, wato shugaban ƙasa da ministocinsa, da Majalisar Zartarwa ta Tarayya. Amma kuma kullum ana jin irin wannan:

(10) Majalisar Dattawa ta zartar da dokar zaɓe.

Jimlar nan tana da aibi biyu. Ta ba majalisar dokoki aikatau ɗin da aka san ɗaya ɓangaren da shi, alhali rabon iko tsakanin ɓangarorin nan shi ne ƙashin bayan tsarin. Sannan ta kira abin doka tun bai zama ba. Sashe na 58 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya shimfiɗa matakan a fili. Sai Majalisar Dattawa mai kujera 109 da Majalisar Wakilai mai kujera 360 sun amince da matani iri ɗaya, sannan a kai wa shugaban ƙasa, wanda ke da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Idan ya hau kujerar na-ƙi, sai kowace majalisa ta sake amincewa da rinjayen kashi biyu cikin uku kafin abin ya zama doka ba da hannunsa ba, kamar yadda aka yi wa Shugaba Obasanjo a 2000 a kan dokar kafa hukumar raya yankin Neja Dalta. Sashe na 100 ya tanadi irin wannan tsakanin gwamna da majalisar jiha.

Abin da ya faru da dokar zaɓe ta 2022 ya isa misali. Majalisun biyu sun amince da matanin a Nuwamba 2021. A Disamba Shugaba Buhari ya mayar musu da shi, saboda tilasta wa jam'iyyu zaɓen fid da gwani na 'yar tinƙe. Suka gyara, ya sa hannu a 25 ga Fabrairu 2022. Duk wanda aka gaya wa a Nuwamba cewa an zartar da doka, an ba shi labarin abin da bai faru ba sai bayan wata uku, kuma a wata siga dabam.

5.2 Ƙudiri

Ƙudiri ɗan'uwan ƙudura ne, wato ɗaure abu tamau, daga nan aka sami ƙudurta niyya a zuci. A Hausar majalisa kalmar tana ɗauke da abubuwa uku: matanin da ake son ya zama doka, da bukatar da ɗan majalisa ya tashi ya gabatar a zaure, da matsayar da majalisa ta ɗauka bayan mahawara a kan bukatar. Na farko ne kaɗai ke bin karatu na ɗaya da na biyu, ya je kwamiti, a saurari ra'ayin jama'a, ya dawo karatu na uku. Na biyu da na uku ana iya gama su a zama ɗaya, kuma a mafi yawan lokuta kira ne kawai ga gwamnati, ba sa ɗaure kowa. A dubi wannan:

(11) Majalisar Wakilai ta amince da ƙudirin rage kuɗin makaranta.

Uban yara da ya ji haka zai ɗauka an gama magana. Idan wata ya wuce bai ga sauyi ba, sai ya ce an yi doka an ƙi bi, alhali ba a yi dokar ba. Yawaitar irin wannan na rage wa majalisa ƙima, yana kuma koya wa jama'a cewa doka magana ce da ake faɗa a manta.

5.3 Dokar da Ba ta Majalisa Ba

A ƙarshen Maris 2020 aka rufe Legas da Ogun da Abuja saboda annobar korona, daga baya Kano ta biyo. Kowa ya kira abin dokar kulle, kuma bisa tsohuwar ma'ana sunan ya zauna daidai. Amma a tsarin mulki ƙa'idoji ne da shugaban ƙasa ya fitar yana jingine da wata tsohuwar dokar killace masu cuta ta 1926. Dokar ta-ɓaci ma, irin wadda aka sa a Borno da Yobe da Adamawa a Mayu 2013, shela ce ta shugaban ƙasa a ƙarƙashin sashe na 305, wadda ke faɗuwa idan majalisun biyu ba su mara mata baya cikin 'yan kwanaki ba. Umarnin shugaban ƙasa mai lamba 10 na 2020, wanda ya shafi kuɗin majalisu da kotunan jihohi, Kotun Ƙoli ta rushe shi a Fabrairu 2022 saboda ya wuce iyakar ikon mai shi.

Darasin shi ne cewa abubuwan nan ba matsayinsu ɗaya ba. Umarni yana ƙarƙashin doka, doka tana ƙarƙashin tsarin mulki, kuma dokar jiha tana faɗuwa idan ta ci karo da ta tarayya a inda tarayya ke da hurumi. Idan kalma ɗaya ta rufe su duka, ɗan ƙasa ba zai san wanne zai iya ƙalubalanta ba, balle ya tambayi jami'i inda ya samo ikonsa. A Nijar ma haka abin yake. Faransancin gwamnati ya bambanta abin da majalisa ta yi da abin da shugaban ƙasa ko minista ya fitar, amma a Hausa duk doka ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da aka rushe majalisa mulki ya koma na umarnin soja, tsarin ya sauya gaba ɗaya, kalmar kuwa ba ta motsa ba.

6.0 Doka da Shari'a

Hausa ta ari shari'a daga Larabci, amma tashri'i bai shiga bakin jama'a ba, duk da cewa tushensu ɗaya. Dalilin a bayyane yake. A wurin Musulmi, Allah ne mai shar'antawa, malami ya fitar da hukunci, alƙali ya yanke. Shi ya sa yin shari'a a Hausa yake nufin zaman kotu, ba samar da sabon hukunci ba. Mutum yana yin doka, amma ba ya yin shari'a da waccan ma'ana.

Wannan rabo ya fito fili lokacin da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya yi taron ƙaddamar da tsarin shari'a a Gusau a 27 ga Oktoba 1999, tsarin ya fara aiki a Zamfara a Janairu 2000, jihohi suka bi har suka kai 12. Jama'a sun yi ta cewa an ƙaddamar da shari'a, an dawo da ita, ana aiwatar da ita. Ko waɗanda suka ce an kafa ta, tsayarwa suke nufi ba ƙagowa ba. Amma ta fuskar tsarin mulki, abin da ya ba kotunan ƙarfi shi ne dokokin da majalisun jihohi suka amince da su gwamnoni suka sa hannu. Kalmomin da Kitabul Farƙi ya ajiye a matsayin kishiyoyi sun wayi gari ɗaya tana tafiya a cikin ɗaya, har aka sami dokar shari'a a matsayin suna guda.

7.0 Shawarwari da Kammalawa

An taɓa yin ƙoƙarin daidaita waɗannan kalmomi. Hukumar Hausa da gwamnatin Jihar Arewa ta kafa a 1955 ta yi aiki a kan kalmomin aro da na mulki, kuma a 1991 hukumar binciken ilimi ta tarayya ta buga ƙamus na kalmomin majalisa cikin Turanci da Hausa da Ibo da Yarabanci. Amma kalma ba a ƙamus take rayuwa ba, a ɗakin labarai take. Don haka takardar nan ba ta kawo shawarar ƙago sabbin kalmomi ba. Waɗanda ake da su sun isa, in an raba musu aiki:

(a) A kira matanin da ke gaban majalisa ƙudirin doka, cikakke, ba ƙudiri kawai ba, kuma kada a ce masa doka sai an sa hannu ko majalisa ta rinjayi ƙin shugaba.

(b) A kira abin da ɗan majalisa ya gabatar don a tattauna bukata, abin da zaure ya tsayar kuma matsayar majalisa.

(c) A bar wa majalisa amincewa, a bar wa shugaban ƙasa da gwamna sa hannu, a bar zartarwa da aiwatarwa ga ɓangaren da ke ɗauke da sunan.

(d) A yi amfani da kafa da soke ga dokar majalisa, sa da ɗage ga matakin wucin gadi.

(e) A kira abin da shugaba ko gwamna ko minista ya fitar umarni ko ƙa'ida. Inda suna ya riga ya bi baki, kamar dokar kulle da dokar ta-ɓaci, a bar shi, amma a faɗi wanda ya sa ta da dokar da ya dogara da ita.

Nazarin ya nuna cewa doka ta taso ne a matsayin hanin mai iko, tarihin mulki ya daɗe yana tabbatar mata da wannan ma'ana, sannan aikin majalisa ya faɗaɗa ta har ta kai ga tsarawa da ba da haƙƙi. Ma'anonin biyu suna raye, kuma babu dalilin kashe ɗaya. Abin da ake bukata daga mai fassara da mai karanta labarai shi ne, duk lokacin da kalmar ta zo bakinsa, jimlarsa ta amsa tambaya biyu: wa ya yi wannan doka, kuma wane mataki ta kai. Ɗakunan labarai da sassan Hausa na jami'o'i da ofisoshin akawun majalisun jihohi za su iya zama su amince da jeri ɗaya na waɗannan kalmomi, kuma aikin bai fi ƙarfinsu ba.